Riƙe Alƙalami Ba Shi Ne Malanta Ba

Wata uku cif ƙanena ya yi a Gusau yana koyon abin da samarin yanzu ke kira kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni cikin harshen da take ganewa. Tumaki biyu mahaifiyarmu ta kai kasuwar Nasarawar Burkullu kafin kuɗin makaranta da na masauki su cika. Ranar da ya dawo riƙe da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, wadda aka rubuta wa da manyan baƙaƙe cewa mai ita ya kammala kimiyyar kwamfuta, gidanmu bai kwanta da wuri ba. Ya nuna mana wata manhaja da ya rubuta da harshen Python don rabon gado: a shigar da adadin dukiya, a zaɓi magada, sai ta fitar da rabon kowa kafin ƙiftawar ido.

Washegari bayan la'asar na raka shi zauren wani dattijon malami na unguwarmu, wanda ya shafe shekaru masu yawa ana kiran sa rabon gado a ƙauyukan ƙasar Bukkuyum. Malam ya saurari bayanin yaron har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ɗana, mutum ne ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Dukiyarsa naira 2,400,000. Tambayi abin naka." Na'ura ta ba matar tumunin takabarta, naira 300,000. Ta ba 'ya'yan sulusi biyu, 1,600,000. Ta ba uwa sudusi, uba sudusi, kowannensu 400,000. Malam ya sa a tara. Aka tara, sai ga 2,700,000. Ya dubi yaron ta saman tabarau ya ce, "Ragowar dubu 300 ɗin fa, kai za ka cika musu, ko na'urar?"

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin fara'ili ya san wannan mas'ala, ita ce ake kira Minbariyya. Asalinta 24 ne, amma rabe-raben magada sun kai 27, don haka sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27, kowa ya ɗanɗana ragin daidai gwargwadon rabonsa, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Amsar da ƙanena ya bayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, ai babu kuskure a rubutun, ga shi na'urar ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba." Gaskiya ya faɗa kuwa. Babu harafin da ya karkace, babu waƙafin da ya ɓace. An koya masa yadda ake magana da na'ura, ba a koya masa ya tambayi kansa ko hanyar da ya ɗora ta a kai za ta yi daidai a kowace mas'ala ba, balle ya kafa mata sharaɗin cewa abin da aka raba tilas ya yi daidai da abin da mamaci ya bari.

Da'awata a nan ita ce, waɗanda ke sayar wa yaranmu kodin na wata uku da sunan kimiyyar kwamfuta suna tafka zalunci iri biyu. Suna karɓar kuɗin doki su ba da linzami. Mafi muni kuma, suna rufe wa yaron ƙofar da bai ma san tana nan ba, domin wanda aka ce masa ya gama, me zai koma nema? Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Rubuta manhaja sana'a ce, kuma sana'a mai daraja. Matsayinta a wannan fage shi ne matsayin iya rubutu a makarantar allo. Babu malamin da bai iya riƙe alƙalami ba, amma garin nan cike yake da masu kyakkyawan hannu, waɗanda za su rubuta maka allo sumul, alhali ko alwala ba za su iya yi wa sharhi ba. Kimiyyar kwamfuta kuwa bincike ce a kan hanyoyin warware matsala mataki-mataki. Takan tambayi kowace hanya: shin za ki kai ƙarshe ko za ki yi ta kewaya kamar jakin dawo-dawo? Shin amsarki daidai ce a kowane hali, ko sai dai a halin da aka gwada ki? Nawa za ki ci na lokaci da wurin ajiya idan aiki ya ninka sau dubu? Akwai ma tambayar da ta fi waɗannan zurfi, wato ko matsalar tana da hanyar warwarewa tun asali. Daga waɗannan tambayoyi ne rassan fagen suka tsiro: tsara rumbunan bayanai, sadarwa tsakanin na'urori, ilimin ɓoye saƙo, ginin ita kanta na'urar, da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa ilimin daban, na'urar daban, ita ce ilimin ya girmi na'urar da ƙarnuka. Kalmar algoridim, wadda masana ke kiran jerin matakan warware matsala da ita, sunan mutum ce da harsunan Turai suka tauna: Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a farkon ƙarni na 9. Littafinsa da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa, wani babban ɓangarensa a kan lissafin gado da wasiyya yake. Ashe abin da ya kayar da ƙanena a zaure shi ne abin da ya shagaltar da kakan wannan ilimi tun shekara dubu da ɗari biyu da suka wuce. Haka nan, idan malamin fara'ili yana auna lambobi biyu don ya gane tsakaninsu tamasuli ne ko tadahuli, tawafuƙi ne ko tabayuni, yana ta cire ƙaramar daga babbar har sai ya sami lambar da ta raba su duka, hanyar Uƙlidisu yake bi, masanin lissafin nan da ya rayu a Iskandariya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan hanya tana cikin darussan farko da ake koya wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta a jami'o'in duniya har gobe.

Ba ma sai mun je Bagadaza ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato wanda kowane layi nasa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya: 15 idan gida uku-uku ne, 65 idan biyar-biyar. Na san abin da ya ja malaman wancan zamani ga hatimi ya haɗa da ilimin asirai, kuma ba wannan nake karewa ba. Abin lura shi ne bai tsaya ga zana hatimi ɗaya a haddace ba. Ƙa'ida ya bayar wadda duk wanda ya bi ta, ko bai fahimci dalilinta ba, zai cika kowane hatimi mara komai girmansa. Wannan shi ne algoridim, da tawada da alƙalamin kara, daga hannun Bakatsine.

A 1936 kuma wani matashi a jami'ar Kambirij ta Ingila, Alan Turing, wanda bai kai shekara 25 ba, ya zana a takarda wata na'ura ta tunani, ya kuma tabbatar da hujjar lissafi cewa babu wata hanya guda da za ta iya duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta gudu har abada. Ya shata iyakar abin da kwamfuta za ta iya, kusan shekara goma kafin a kunna manyan kwamfutocin lantarki na farko.

Mai karatu zai iya cewa, wannan duk tarihi ne, ina amfaninsa ga mai neman na tuwo? Bari mu sauko ƙasa. Rajistar masu zaɓe ta Najeriya a 2023 ta haura mutum miliyan 93. A ce ana neman suna ɗaya a ciki. Wanda ya iya kodin kawai zai sa na'ura ta fara daga na farko ta yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, kuma manhajarsa za ta yi aiki lafiya lau ranar da ya gwada ta da sunaye hamsin na 'yan ajinsu. Wanda ya san ilimin zai jera sunayen bisa tsarin baƙaƙe, ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan yana gaba ko yana baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Ba zai wuce dubawa 27 ba. Harshe ɗaya suka yi amfani da shi, na'ura ɗaya, amma wannan miliyoyin matakai, wancan 27.

Wani misalin ya fi kusa da mu. Direba ne aka ɗora wa raba allurar rigakafi ko takin zamani a ƙauyuka tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi, yana son jerin da zai bi don ya rage mai da lokaci. Idan ƙauyukan goma ne, jerin da za a iya tsarawa 3,628,800 ne, kwamfuta za ta gwada su duka kafin shayi ya huce. Idan suka zama 20, na'urar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta shekara 77 ba ta huta ba. Yaron da bai san haka ba zai rubuta manhajarsa babu kuskure ko ɗaya, ya kunna, ya zauna jira, ya yi ta zagin kwamfutarsa cewa ta tsufa. Ilimin ne zai gaya masa ba laifin na'ura ba ne, matsalar tana cikin wani rukuni da har yau babu wanda ya gano masa hanya mai sauri a kowane hali. Tun 1971 Stephen Cook ya fito da tambayar fili, kuma tun 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware ta, kuɗin na nan ba a karɓa ba. Ilimin ne kuma zai nuna masa dabarun samun hanyar da ta kusa zama mafi kyau cikin daƙiƙu kaɗan, da yadda zai sake lissafi nan take idan aka ce wata hanyar ba ta biyuwa yau, abin da mu mutanen wannan yanki muka san ma'anarsa fiye da kowa.

Ba na son in taɓa gyambon da bai warke ba, amma babu ƙasar da ta fi tamu sanin kuɗin da ake biya idan hannu ya iya aiki ilimi bai iso ba. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe ƙananan yara a 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta da Abare, daga baya har Bagega ta Anka. Masu haƙar zinariya sun ƙware a sana'arsu. Sun san dutsen da ke da arziki, sun iya fasa shi, sun iya niƙa, sun iya wankewa. Abin da babu wanda ya taɓa koya musu shi ne dutsen na ɗauke da dalma, kuma ƙurar da ke tashi a tsakar gida tana shiga jinin yaro mai rarrafe. Yara kimanin 400 suka tafi, Allah Ya sa masu ceto ne. Ba na ɗora wa iyayensu laifi ko ƙwayar zarra. Laifin na tsarin da ya ga ya dace a bar talaka da guduma a hana shi sanin abin da ke cikin dutse ne.

Kada a ce manhaja ba ta kisa. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta ɗora wa rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda ke nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace, wasu sun kashe kansu, sai a 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Mai karatu ya tuna da samarin da ke zaune ƙarƙashin laima da na'urar POS a kasuwanninmu, ya tuna cewa albashi da tallafi da sakamakon jarrabawa duk sun koma cikin manhaja, sannan ya tambayi kansa wa zai iya tsayawa gaban alƙali ya nuna cewa lissafin na'ura ne ya karkace, ba hannun yaron ba. Mai takardar wata uku ba zai iya ba.

To, akwai masu ja da ni, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa yunwa ba ta jiran digiri. Yaron da gonar ubansa ta gagari noma saboda 'yan bindiga, idan wata uku za su sa ya iya gina shafin intanet ya sami na cefane, wane ne kai da za ka ce sai ya san Turing? Da wannan tunani ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 a ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku sana'o'in fasahar zamani. Ba na adawa da gajeren horo. A koya wa yaro sana'a, a kira ta da sunanta, a kuma gaya masa gaskiya cewa ƙofar gida ya shiga, ɗakuna na ciki. Abin da na ƙi shi ne a mayar da gajeren horo rabon ɗan ƙauye na dindindin, a ce zurfin ilimi na 'ya'yan Legas da Abuja ne, mu namu shi ne leburanci a gonar da wasu suka shata.

Suna kuma cewa jami'o'in da ke da'awar koyar da kimiyyar su ma ba su tsinana komai ba. A nan sai in sunkuyar da kai. Na ga ɗalibin da ya kai aji uku a wata babbar makaranta, da ba zan ambaci sunanta ba, yana haddace manhaja kamar karatun sallah, ya juye ta da biro ranar jarrabawa, bai taɓa ganin ta yi gudu a kan na'ura ba. Wannan ba kimiyya ba ce, hadda ce da ta ari rigar kimiyya. Wanda ya san hukunce-hukuncen alwala bai taɓa taɓa ruwa ba, shi ma da sauransa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun 1975, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Ƙauran Namoda da Talata Mafara, su ne kusa da mu, kuma haƙƙinmu ne a kansu kada su yaye ɗalibi sai hujja da aiki sun haɗu a hannunsa. Amma lalacewar wasu azuzuwa ba ta zama dalilin jefar da ilimin ba, kamar yadda ba a rushe masallaci don liman ya yi rafkanuwa.

Akwai abin da masu tallar kodin ba su so a faɗa. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni masu yawa babu kira babu intanet, har mutane na tafiya maƙwabtan jihohi don su buga waya. Wanda duk iliminsa shi ne kwafo daga intanet ya liƙa, a ranar ya koma jahili. Amma hanyar Uƙlidisu, da rabin-rabin neman suna, da hujjar cewa wata dabara daidai take, ba sa buƙatar lantarki ko sabis. Allo da gawayi sun isa. Ɓangaren da ake cewa ya fi ƙarfin ƙauye shi ne wanda ƙauye ya fi iya ɗauka, domin kayan aikinsa kai ne da haƙuri, kuma zaurukanmu sun daɗe suna horar da yara a kan nahawu da fara'ili da hisabi, waɗanda duk tarbiyyar bin ƙa'ida ce. Malamin lissafi na sakandaren Gummi ko Anka zai iya fara wannan darasi ran Litinin ba tare da an kawo masa kwamfuta ko ɗaya ba.

Sannan ga abin da ya faru tun ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka bayyana. Yanzu na'ura da kanta tana rubuta manhaja idan aka gaya mata abin da ake so, cikin daƙiƙu, sau da yawa fiye da yadda ɗan wata uku zai rubuta. Aikin da aka sayar da tumakin mahaifiyarmu dominsa shi ne farkon wanda farashinsa ke faɗuwa. Abin da ya rage da tsada shi ne mutumin da zai dubi abin da na'ura ta rubuta ya ce mata, nan kin raba dukiyar da babu.

Harshenmu ma yana jiran irin wannan mutum. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, amma har yau na'ura na tuntuɓe tsakanin ƙasa da kasa, da ɓata da bata, balle gari na zama da gari na tuwo, waɗanda rubutunmu bai bambanta su ba sai dai kunne. Masu binciken da suka tashi tsaye a kan wannan, irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa da suka fitar da tarin bayanan NaijaSenti a 2022, kodin ƙaramin ɓangare ne na aikinsu. Sauran lissafi ne, da ƙididdiga, da sanin harshe. Idan babu irinsu daga cikinmu, wasu ne za su yanke wa na'ura yadda Hausa take, kuma ba na zaton za su tuna da yadda ake magana a Zamfara.

Ƙanena ya yi kwana biyu bai kula ni ba, yana ganin ni na kai shi inda aka yi masa dariya. A rana ta uku na same shi a zauren Malam da littafin rubutu mai shafi arba'in, wayarsa a kashe domin an kwana huɗu babu wuta. Ya gyara mas'alar auli a takarda tun kafin ya taɓa na'ura, ya kuma ƙara sharaɗin tara rabe-rabe a gwada da dukiya. Sai Malam ya juya masa abin ta ɗaya gefen: mace ta rasu ta bar 'ya ɗaya da uwa, babu asaba. 'Ya ta ɗauki rabi, uwa ta ɗauki sudusi, sulusi guda ya rage a ƙasa. Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, wa za a ba?" Malam ya ce malamai sun saɓa, wasu sun ce baitulmali, wasu sun ce a mayar wa magadan gwargwadon rabonsu, sai ya je ya yi tunanin yadda na'urarsa za ta yi da mas'alar da ke da amsa biyu. Da na baro su ana kiran magariba, yana nan a kan tabarma yana jan layi yana gogewa.